Yadda Ake Shuka Furen Tiriliyam a Inuwar Bishiyoyi

A bayan gidana da ke kudancin Ontariyo, a Kanada, akwai wani lungu ƙarƙashin bishiyoyin mapul da ciyawa ta ƙi yi. Nan na ba tiriliyam, furen daji mai ganye uku a kan kara guda, wanda farinsa ya zama alamar lardin Ontariyo tun 1937.

Ka fara da zaɓen wuri. Bishiyar da ke zubar da ganye lokacin sanyi ita ake nema, domin tiriliyam yana tsirowa ya yi fure a Afrilu da Mayu, kafin inuwa ta rufe ƙasa. Ƙasar ta kasance mai laima amma ba ta riƙe ruwa. Takinta ruɓaɓɓen ganye ne, shi ya sa ba na share wurin da kaka. Ganyen da ya zubo, a nan nake barinsa.

Abin da ake binnewa saiwa ce mai kauri, kamar guntun citta. A watan Satumba ka haƙa rami mai zurfin santimita 5 zuwa 10, ka kwantar da ita, ka rufe, ka ba ta ruwa. Ka kafa tsinke a kai, don shukar tana bushewa ta ɓace tsakiyar lokacin zafi, sai mutum ya manta ya sa fartanya.

Don Allah ka tambayi mai sayarwa inda ya samo ta. Wadda aka tono daga daji ba na saye ko da araha ce, saboda na san tsawon rayuwar da ake katsewa. Iri sai ya sha sanyin hunturu biyu kafin ya fito da ganye, fure kuwa sai bayan shekara bakwai ko fiye. A daji tururuwa ce ke yaɗa irin: tana ja zuwa raminta saboda wani ɗan maiƙo da ke jikinsa, ta cinye maiƙon, ta bar ƙwayar.

Kada ka tsinki furen, domin sau da yawa ana tsinko shi ne tare da ganyen. Ganyen nan uku su kaɗai ke ciyar da saiwar duk shekara, in suka tafi ba ta sake wasu sai baɗi, wani lokaci ma ta mutu. Barewa ma ganyen take ci, don haka na kewaye nawa da ragar waya. Idan farin furen ya fara komawa ruwan hoda, ba cuta ba ce, tsufa ne. Ka bar shi ya yi iri.