Kurakuran da aka fi yi wajen gano kabanoma a gindin ƙwaƙwalwa

Babban kuskure shi ne likita ya ga hoton anjiyogiram, wato hoton jijiyoyin jini, ya fito tsaf, sai ya sallami majiyyaci cewa jijiyoyin jininsa lafiya lau. Kabanoma curin ƙananan jijiyoyin jini ne masu siraran bango, jini na tafiya cikinsu a hankali ƙwarai, don haka ruwan da ake ɗurawa don ɗaukar hoton ba ya cika su. Shi ya sa ake kiranta ɓoyayyiya. Hoton CT ma yakan wuce ta. Hoton MRI ne ke nuna ta, da kamanni irin na gugguru, kewaye da baƙin zobe na ragowar tsohon jini. A nemi salon MRI da ake kira SWI, domin shi ne ke fito da ƙananan curin da salon da aka saba, wato T1 da T2, ba su kama ba.

Sai ruɗewa da wata cuta. A gindin ƙwaƙwalwa, musamman sashen da ake kira pons, ɗigon jini kaɗan ya isa ya kawo gani biyu-biyu, jiri, sandarewar fuska ko raunin ɓari ɗaya. Alamun su lafa, bayan watanni su dawo. Wannan zuwa da komowa ne ke sa a ɗauka cutar MS ce, wadda ke lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wani lokacin kuma a ce ƙari ne. Daga nan sai a fara maganar yankar ɗan nama don gwaji, a wurin da hanyoyin numfashi da haɗiya suke cunkushe. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi tsada.

Sabon jini kan rufe curin gaba ɗaya. Idan hoton farko bai nuna komai ba sai gudan jini, a sake MRI bayan wasu makonni.

Sau da yawa akwai wata jijiyar da ke kwashe jini kwance kusa da curin, wato DVA. Da ita lafiyayyar ƙwaƙwalwa ke aiki. Likitan tiyata ya san da ita tun kafin aiki, kada ya taɓa ta.

In aka ga curi fiye da ɗaya, a tambayi tarihin dangi. Nau'in gado yana da alaƙa da ƙwayoyin halittar gado uku, CCM1, CCM2 da CCM3, kuma kowane ɗa na mai ɗauke da shi yana da damar gadonsa kashi 50 cikin 100. A kuma tambaya ko an taɓa yi wa mutum gashin radiyeshon a kai tun yana yaro, don shi ma yana haddasa ta.