Yadda Za Ka Taimaki Karnukan da Aka Ceto

Duk cibiyar da ke tsinto karnukan da aka yasar ko aka wulaƙanta tana fama da ƙarancin wuri da ƙarancin hannu. Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63 ne kawai, kuma tana iya haihuwa sau biyu a shekara, saboda haka karnukan da ke shigowa sukan rinjayi waɗanda ke samun gida. Aikin daɗaɗɗe ne, domin tun a 1860 aka kafa gidan karnukan da a yau ake kira Battersea a Landan, kuma har yanzu irin waɗannan gidaje suna dogara da masu sa-kai, da masu riƙo, da masu ɗaukar kare ya zama nasu. Shawarata ita ce ka bi hanyoyin nan daki-daki, ka fara da mafi sauƙi, domin ka auna kanka kafin ka ɗauki alkawarin da zai shafe shekaru.

Fara da aikin sa-kai. Ka je cibiyar da kanka, ka tambayi abin da suke bukata, kada ka zaɓa musu. Mafi yawan aikin ba wasa da 'yan kwikwiyo ba ne. Wanke ɗakuna ne da kwanukan abinci, da fita da karnuka tattaki, da kai marasa lafiya wurin likitan dabbobi. Wanda ke tsoron kare ma yana da gurbi, domin ana bukatar mai ɗaukar hoto da mai rubuta bayanin kowane kare. Ka yanke lokacin da za ka iya cikawa, ko da sa'a biyu ce a mako, domin karen da ya firgita da mutane ba ya sakin jiki sai da fuskar da ya saba gani.

Kafin ka taɓa kowane kare, ka koyi karanta jikinsa. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce. Idan kare ya sandare, ko ya lafe kunnuwa, ko ya kau da kai yana lasar baki, to yana roƙon a ba shi sarari ne. Kada ka zura masa ido, kada ka sunkuya a kansa; ka tsaya gefe, ka bari shi ya matso ya shinshina ka. Haka kuma kada ka yi sakaci da cutar haukar kare, wadda ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi ya nuna tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Ka nemi shawarar likita a kan allurar rigakafi tun kafin ka fara. Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ka tafi asibiti a ranar, domin da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya a tsira.

Riƙo shi ne matakin da na fi ganin amfaninsa, kuma shi ne mutane suka fi gudu. Ma'anarsa ka ajiye kare a gidanka na makonni ko watanni kafin a samo masa gidan dindindin. Wurin da ya bari a cibiya wani karen zai samu, kuma a gida ne kawai ake gane ainihin halinsa, ko yana jituwa da yara, ko yana jure zaman kaɗaici, abin da ɗakin da ke cike da haushin karnuka ba zai taɓa nunawa ba. Kafin ka karɓa, ku yi yarjejeniya a rubuce a kan wanda zai biya abinci da magani, da wanda za ka kira idan ciwo ya taso da dare. Ka keɓe shi daga sauran dabbobinka na kimanin mako biyu, a duba shi ko yana da kaska ko ƙuma ko tsutsar ciki. Idan ɗan kwikwiyo ne, kada ka fita da shi inda karnuka ke taruwa sai allurarsa ta cika, saboda cutar fabo mai sa amai da gudawa tana saurin kashe ƙanana.

A kwanakin farko yana iya ƙin cin abinci, ko ya ɓuya, ko ya yi fitsari a ɗaki. Kada ka daka masa tsawa, balle duka. Ka tsayar masa da lokacin ci da lokacin fita, ka yaba masa duk sanda ya yi daidai. Ranar rabuwa tana da ciwo, ba zan ɓoye ba, amma ka tuna tun farko amana aka ba ka.

Ɗauka na dindindin kuwa, a nan ne ake cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, wasu ma su zarce, kuma mayar da shi bayan ya saba da kai sabon rauni ne a kan tsoho. Ka tabbata kowa a gidan ya yarda, haka ma mai gidan idan haya kake yi. Ka zaɓi kare bisa halinsa da yanayin rayuwarka, ba bisa kyan gashi ba, kuma kada ka raina manya da tsofaffi, waɗanda su ne suka fi daɗewa suna jira alhali halinsu ya riga ya bayyana. Kada ka karɓi ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, domin yana bukatar uwarsa da 'yan'uwansa. Ka karɓi takardar allurarsa, ka tambaya ko an yi masa aikin hana haihuwa, kuma a cikin makon farko ka kai shi wurin likitan dabbobi ya sake duba shi, ya rubuta maka ranar allura ta gaba.