Yadda ake rubuta cinikin gona da jingina a jihar Maradi kafin rigima ta taso

A kudancin jihar Maradi ta Jamhuriyar Nijar, daga Madarumfa zuwa Gidan Rumji, Agye da Tasawa, ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan, har an kai matsayin da ba kasafai ake barin gona ta huta ba, kuma gandun da kaka ya bari ana ta rarraba shi tsakanin ƴaƴa da jikoki. Wannan matsi ne ya sa da zarar damina ta kusanto, fadojin masu gari da sarakuna kan cika da ƙararrakin iyaka, na jingina da na aron gona, galibi a kan yarjejeniyar da aka ƙulla da baki shekaru masu yawa, bayan shaidunta sun rasu ko sun manta. Hukuma ta tanadi hanyar rubuta irin wannan yarjejeniya tun daga matakin ƙauye, amma mutane da dama ba sa binta sai bayan magana ta lalace.

Tushen hanyar shi ne dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince cewa mallakar ƙasa ta hanyar al'ada, wato gado, saye, kyauta ko saran daji na kakanni, tana da kariya daidai da mallakar da ta samo asali daga rubutacciyar doka. A ƙarƙashinta aka kafa hukumomin kula da ƙasa da aka fi sani da Kofo, hawa hawa: ta ƙauye wadda mai gari ke shugabanta, ta ƙaramar hukuma, da ta gunduma wadda perefe, wato wakilin gwamnati a gundumar, ke jagoranta. A cikin Kofon ƙauye akwai sakatare mai iya rubutu da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa, kuma a nan ne aikin talaka yake farawa.

Kafin a yi maganar kuɗi, sai mai saye ya tabbatar cewa ƙasar tana sayuwa. Burtali, makiyaya, mashayar dabbobi da dazuzzukan da gwamnati ta keɓe, irin na Baban Rafi, ba mallakar wani mutum ba ne, saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗi a kansu ya sayar da abin da ba nasa ba, ko da ya shekara yana noma wurin. Haka nan dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da ita, don haka mai neman fili a arewacin Dakoro ko wajen Bermo ya fara tambayar Kofon gunduma ko wurin yana cikin yankin kiwo. Abu na biyu da ya fi jefa mutane cikin asara shi ne gandun da ba a raba ba. Babban wa yana iya zama shi ke riƙe da gonar, amma riƙo daban, mallaka daban. Idan ba a yi rabon gado ba, sai dukkan magada sun yarda, har da mata da waɗanda suka tafi ci-rani, in ba haka ba ranar da ɗayansu ya dawo cinikin na iya warwarewa.

Daga nan sai a zagaya gonar da ƙafa, tare da mai ita da maƙwabtanta na gabas, yamma, kudu da arewa, a nuna iyaka kowa yana gani. An fi samun sauƙin wannan aiki da rani, lokacin da babu shuka kuma zukata a kwance suke. Inda alamar iyaka ta ɓace, a dasa gamba ko aguwa a gaban kowa, kuma a ƙidaya manyan itatuwan da ke ciki, irin su gawo da kuka, domin su ma dukiya ne da ake jayayya a kansu.

Ranar rubutu, mai sayarwa da mai saye su je wurin mai gari da kansu, da katin ɗan ƙasa, da shaidun kowane ɓangare. Takardun iri iri ne, kuma kowace da aikinta: akwai ta shaidar mallakar gargajiya ga wanda ya gaji gonarsa yana son ya tabbatar da ita, akwai ta saye, ta kyauta, ta haya, ta aro da ta jingina. Da yake da Faransanci ake cika su, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa sai an karanta masa an fassara da Hausa a gaban shaidu, ya ji sunansa daidai, ya ji sunayen maƙwabtan iyaka, ya ji adadin kuɗin, ya kuma tabbatar cewa irin takardar da aka ɗauko ita ce ta dace da abin da aka shirya. Kowane ɓangare ya tafi da kofinsa mai ɗauke da sa hannu da hatimin mai gari, a kuma tabbatar an aika da wani kofin zuwa Kofon ƙaramar hukuma, saboda takardar da ke ɗaki ɗaya kawai gara ko ruwan sama na iya cinye ta. Wajen zaɓen shaidu, a haɗa dattawa da matasa masu hankali, domin dattijo ya san tarihin gonar, matashi kuwa ana sa ran zai daɗe yana ba da shaida.

A ganina jingina da aro sun fi saye buƙatar rubutu, ko da yake su ne aka fi yin sakaci da su. Mai jingina yakan ba da gonarsa ne cikin matsi, ko don rashin lafiya ko don hatsi ya ƙare kafin kaka, kuma yakan ba wanda ya sani, shi ya sa yake jin nauyin cewa a rubuta. Shekaru na tafiya, sai ya koma ya karɓi ƙari, ya sake karɓar wani, har ranar da mai riƙe da gonar ko ƴaƴansa za su ce ai kuɗin da aka bayar sun kai na saye. Maganin wannan shi ne a rubuta adadin farko, a rubuta duk wani ƙari a ranar da aka karɓe shi, a bayyana cewa gonar tana komawa ga mai ita ko magadansa da zarar an biya, a kuma faɗi lokacin fansa, wanda ya fi dacewa ya zama bayan girbi, don kada a ƙwace gona daga hannun wanda ya riga ya zuba taki ya yi shuka. A takardar aro kuwa, a faɗi tsawon lokaci, a faɗi ko an yarda mai aro ya dasa itace ko ya haƙa rijiya, domin waɗannan su ne ayyukan da daga baya ake kafa hujjar mallaka da su. Neman a rubuta ba rashin yarda ba ne ga ɗan'uwa, kariya ce ga ƴaƴan ɓangarorin biyu waɗanda ba su halarci zaman ba.

Mata suna da buƙata ta musamman a nan. Gamanar da miji ya ba matarsa ta noma ba mallakarta ba ce, kuma takan fita hannunta idan aure ya mutu ko ƙasa ta yi ƙaranci. Amma abin da mace ta gada daga mahaifinta bisa rabon shari'ar Musulunci, ko ta saya da kuɗinta, haƙƙinta ne, kuma ya kamata takardar ta fito da sunanta ita kanta, ko da wa ko ƙane ne zai ci gaba da noma wurin. Shi sai a yi masa takardar aro.

Wanda yake son ƙarin ƙarfi, musamman mai lambu a gefen Gulbin Maradi inda ƙasa ke da tsada, yana iya neman a shigar da gonarsa cikin kundin ƙasa na gunduma. Ma'aikata za su zo su auna, a sanar da jama'a don mai ƙorafi ya fito, sannan a ba da takardar mallaka idan babu jayayya. Akwai kuɗin aiki, kuma duk abin da aka biya a nemi rasiɗi.

A cikin birnin Maradi tsarin ya bambanta. Filin da aka yanka aka yi wa lamba yana da takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, kuma mai saye ya je can da kansa ya duba cewa lambar fili da sunan mai shi sun dace da abin da ke cikin rajista da taswira, saboda sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ba baƙon abu ba ne. Ya kuma je ya ga wurin, zai fi kyau da damina, don ya san ko hanyar ruwa ce. Bayan ciniki a canza suna ba tare da jinkiri ba, mai hali kuma ya ci gaba har ya sami takardar mallaka ta dindindin daga ma'aikatar filaye ta gwamnati. Rushe majalisun ƙananan hukumomi da aka yi a 2024, aka naɗa masu riƙo a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, bai soke wannan buƙata ba.

Idan duk da haka rigima ta taso, a sani cewa Kofo ba ta yanke hukunci. Ana farawa da sulhu a wurin mai gari, idan ya gagara a je wurin sarki, kuma ko an daidaita ko ba a daidaita ba, a nemi a rubuta takardar zaman, domin da ita ake zuwa gaban alƙali. Haka ake bi idan dabbobi suka yi ɓarna kafin ranar sakin gonaki da gwamna ke tsayarwa kowace shekara: a kira wakilan manoma da na makiyaya su ga ɓarnar tun tana sabuwa, a ƙiyasta diyya, kada manomi ya taɓa dabba ko makiyayi. Mutanen jihar nan ba su manta da abin da ya faru a ƙauyen Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Wanda zai je zaman sulhu ya tafi da kofin takardarsa da shaidunsa, ya bar ta asali a gida sai ranar da alƙali ya nemi ganinta.