Yadda ake yi wa mutanen Kambodiya godiya ba tare da an yi abin kunya ba

Yawancin baƙin da na ga sun sauka a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, 'yan kasuwa ne ko masu aikin ƙungiyoyi, sun haddace kalmar godiya tun a cikin jirgi. Haddar ba ta da wuya. Wajen hannu suke ɓata lamarin, da wajen sunan da za su kira mutum da shi.

Fara da kalmar. A rubutun boko za ka ga "arkoun", amma wannan "r" ɗin ba a furta ta. Ka ce "o-kun", ka ja "o" ɗin kaɗan. In abin da aka yi maka babba ne, ƙara "ciran" a baya: "o-kun ciran", na gode ƙwarai. In gaban manya ne ko a ofis, sa "som" a gaba: "som o-kun". Harshensu, wato Khmer, ba ya bambanta ma'ana da karin sauti irin na Thailand ko Vietnam, don haka ko muryarka ta hau ko ta sauka za a fahimce ka. Abu ɗaya dai, kada ka kuskura ka yi musu godiyar Thailand don ka taɓa zuwa Bangkok. Kambodiya da Thailand maƙwabta ne masu daɗaɗɗiyar jayayya kan iyaka, musamman yankin wurin bautar Preah Vihear, kuma babu Bakambodiyen da zai ji daɗin a haɗa shi da su.

Na biyu, kada ka bar kalmar tsirara. Su ma kamar mu, da sunan dangantaka suke kiran mutum ko da ba su san shi ba. Wanda ya ɗan girme ka, mace ko namiji, "bong" ne, wato yaya. Ƙaraminka "oun". Sa'an ƙanin mahaifinka "pu", mace "ming", wanda ya girmi iyayenka kuma "om". Tsoho "ta", tsohuwa "yiyei". Malamin makaranta "lok kru", malama "neak kru". Direban tuk-tuk (irin a-daidaita-sahu) da ya kai ka tsohon wurin bautar Angkor Wat daga garin Siem Reap, "o-kun bong" ta ishe shi. In ka rasa ta cewa, ka kama "bong", a ganina ita ce mafi aminci. Amma namiji ya yi hattara da kiran budurwar da bai sani ba "oun", domin masoya ma da ita suke kiran juna.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Godiya ta ladabi tana tafiya da "sampeah": ka haɗa tafukan hannunka biyu, yatsu na kallon sama, ka ɗan sunkuyar da kai. Tsayin da hannun ya kai shi ke nuna matsayin mutumin, kuma mataki biyar ne. A ƙirji, na abokai da sa'anni. Daidai baki, na maigidanka a wurin aiki da waɗanda suka girme ka. Daidai hanci, na iyaye da kakanni da malamai. Daidai gira, na sarki da limaman addinin Buda. A goshi kuwa, wannan na bauta ne.

Baƙo sai ya ɗauka cewa iya ɗaga hannu iya ladabi, ya kai shi goshi don yarinyar otal ta miƙo masa mabuɗi. Ita kunya za ta ji, waɗanda ke gefe kuma su riƙa danne dariya. Wani kuma ya bar hannu a ƙirji gaban mahaifin abokin kasuwancinsa, tsohon ba zai ce uffan ba, amma ya gani. Dokata ita ce: ƙirji da baki su ne naka na yau da kullum, hanci sai ga dattijon da ka shiga gidansa. Goshi kuwa ba ruwanka da shi, balle in kai Musulmi ne. Kuma ƙarami ne ke fara ɗaga hannu. Kada ka riga yaro. In ya yi maka, murmushi da gyaɗa kai sun wadatar. Mai sayar da ruwa a bakin titi ma ba ya jiran sampeah a kan cinikin riel dubu biyu na kuɗinsu, kusan rabin dala. In hannunka ɗaya na riƙe da jaka, ajiye ta tukuna, ko ka haƙura da sampeah ɗin ka sunkuyar da kai kawai. Na hannu ɗaya bai da kyan gani.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da haɗa hannun ba saboda addini, ya dafa ƙirji da hannun dama ya faɗi kalmar a natse. In kuwa cikin Musulmin ƙabilar Cham ka faɗa, waɗanda ke da yawa a gaɓar kogin Mekong wajen Kampong Cham, sallama da musabaha ne kamar a gida.

Saura ƙananan abubuwa. Duk abin da babba ya miƙo maka, karɓa da hannu biyu, kyauta ce ko katin kasuwanci. Kyautar da aka naɗe, ajiye ta sai ka koma masauki ka buɗe. Kada ka shafa kan ɗan mutane da sunan jin daɗi, kai wuri ne mai daraja a wurinsu. Mace ba ta taɓa limamin Buda, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In kai aka gode wa, ka ce "min ai te", ba komai. In babba ya kira ka ko ya sa maka albarka, namiji ya amsa da "baat", mace ta ce "caa".