Yadda Ake Duba Sababbin Ƙananan Taragun Fasinja Kafin a Ɗora Su a Kan Layi

Layin dogo bai ƙaraso Sakkwato ba, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, kuma masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo a garin nan daga waje suke sayo kayansu. Idan tarago ya lalace, samun madadinsa ba ƙaramin aiki ba ne, saboda haka wanda taragunsa na fasinja suka iso ya danne ɗokinsa, ya fara da dubawa.

Abu na farko shi ne ma'aunin da aka rubuta a jikin kwali. Taragon HO kashi ɗaya ne cikin 87 na girman na gaske, kuma tazarar ƙarafan layinsa milimita 16.5 ce. Na OO, irin wanda kamfanin Hornby na Ingila yake yi, kashi ɗaya ne cikin 76. Yana hawa layin HO, amma idan aka haɗa su a jeri ɗaya bambancin girmansu ba ya ɓoyuwa. Na N kuwa layinsa daban ne, mai milimita 9.

Daga nan sai ƙafafu, kuma a nan na fi son a tsaya a natsu. A kifa taragon a kan ƙyalle mai laushi, a murza kowace ƙafa da yatsa, a ga ko tana juyawa ba tare da cijewa ba. Idan taragon HO ne na kamfanin Märklin na Jamus, a lura cewa sandar da ta haɗa ƙafafunsa biyu tana ratsa wuta daga wannan gefe zuwa wancan, don haka ɗora shi a kan layin da ke karɓar wuta ta ƙarafa biyu yana haddasa haɗuwar wuta, jirgin ya tsaya cak. Maganinsa shi ne a sauya ƙafafun da waɗanda aka raba tsakaninsu da roba. Haka kuma ƙugiyoyin da ke sarƙe taragu ba iri ɗaya ba ne tsakanin Amurka da Turai, kuma ko da irinsu ɗaya ne, dole tsayinsu daga layi ya zo daidai, in ba haka ba tarago ya riƙa kwancewa a hanya.

Taragon fasinja dogo ne, a ma'aunin HO yakan kai santimita 30, kuma ba ya son kwana mai tsanani. Da'irar da nisan tsakiyarta zuwa layi bai wuce santimita 46 ba ta yi masa kaɗan. A nemi ta santimita 60 ko fiye. Ƙungiyar masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, wato NMRA, ta ba da shawarar nauyin da ya dace da tsawon tarago, kuma ga mai wannan tsawon ya kusa giram 200. Idan bai kai ba, a manna ƙananan noti a cikinsa, ƙasa-ƙasa kuma a tsakiya. A gwada tarago ɗaya ɗaya a bayan kan jirgin, a hankali, gaba da baya, kafin a haɗa jerin duka. Na'urar ba da wuta da aka sayo daga Amurka ta bolt 120 ce, ba a jona ta kai tsaye a wutarmu ta 230.

Sauran aikin yanayin garinmu ne yake kawo shi. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma idan ta gamu da mai sai ta zama dauɗa mai danƙo, shi ya sa ba na goyon bayan ɗiga mai a ƙafafun da ke juyawa lafiya. A share jikin tarago da burushi mai laushi, a goge ƙafafu da layi da ƙyallen da aka ɗan jiƙa da sifirit, ba tare da ya taɓa fenti ba. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, roba tana iya lanƙwashewa idan an bar ta a mota ko a bakin taga, saboda haka a mayar da kowane tarago cikin kwalinsa, a ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.