Sirrin kanwa da tsami a tukunyar wake

Salamu alaikum ƴan uwa mata, don Allah in za ku dafa wake kar ku zuba tumatir ko yakuwa tun da fari. Ni na sha wannan wahala, ranar nan na sayo tiya ɗaya a babbar kasuwa ta Maradi, na haɗa shi da tumatir na gwangwani tun ruwa bai tafasa ba, wallahi gawayina ya ƙare waken nan yana nan ƙwas ƙwas kamar tsakuwa. Tsami ne ke ɗaure shi, ba ya barin ya yi laushi. Ita kuwa kanwa kishiyar tsami ce, tana sassauta shi ya nuna da wuri, shi ya sa in kin jefa ta cikin yakuwa za ki ga kumfa ta taso fuuu, tsamin ya ragu.

Amma fa kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa, ki jiƙa ki tace saboda ƙasa. In ta yi yawa waken ya yi duhu ya yi bauri, kuma tana kashe bitamin B1, abin da ya fi damuna kenan saboda yara. Sai ya nuna luguf sannan ki sa tumatir ɗinki.