Garin gyaɗa don rage ƙiba: inda ake yin tuntuɓe

Garin gyaɗar nan da wasu ke yo odarsa daga waje, irin su PB2 na Amurka, ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin yadda mata ke matsar mai a cikin gari. Gyaɗa ake soyawa, a matse mafi yawan man da inji, a niƙa sauran ya zama gari. Cokali biyu na garin, wajen giram 13, na ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 50 zuwa 60, da maiƙo giram ɗaya da rabi, da furotin (sinadarin gina jiki) giram 5 zuwa 6. Cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa kuwa, wajen giram 32, kalorinta na kusan 190, mai kaɗai giram 16. Lissafi ne mai kyau, amma mutane da yawa sukan saya su sha wata da watanni tumbi na nan inda yake.

Babban dalili shi ne ana ƙara shi a kan abinci, ba a sa shi a gurbin wani abu ba. Hajiya za ta dama kokonta da sukari kamar kullum, ga ƙosai a gefe, ga burodi, sai ta barbaɗa cokali biyu na garin ta ce ta fara rage ƙiba. Abin da ta yi kawai shi ne ƙara kalori 60 a kan karin kumallon jiya. Garin ba ya narkar da kitse ko kaɗan. Amfaninsa shi ne ya ba ki ɗanɗanon gyaɗa da furotin ba tare da man ba, saboda haka sai ya kori wani abu daga kwanon kafin ya yi aiki. In miyar taushe za ki yi, ki sa shi a madadin markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kuma kada ki rama da ƙarin manja. In kunun gyaɗa ne, ki dama da shi, ki rage sukarin zuwa rabi. In kindirmo ne, ki juya cokali ɗaya a ciki ki bar sukarin gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa a Kano, a ganina, shi ne ɗaukar garin ƙuli-ƙuli a matsayin abu ɗaya da wannan. Da ganin farko hujjar tana da ƙarfi: ai ƙuli ma an matse masa mai. Gaskiya ne, amma a bi aikin har ƙarshe. Bayan an markaɗa gyaɗa, an juya da ruwan zafi har mai ya taso an kwashe, abin da ya rage shi ne tunkuza. Ita ake mulmulawa a jefa cikin tafasasshen man da aka cire mata, ta soyu ta sake shan wani. Ka ɗora ƙuli a kan farar takarda ka dawo bayan ɗan lokaci, za ka tarar da tabon mai ya zagaye shi. Wani ƙulin ma da sukari ake haɗa shi. Ba cewa nake a daina cin ƙuli ba, kwaɗon zogale ba ya daɗi sai da shi, sai dai kada a riƙa lissafa shi da adadin da aka rubuta a jikin robar kanti.

Gyaran nan yana da sauƙi, kuma ya fi odar waje arha nesa ba kusa ba. A sayi tunkuza wadda aka matse sosai tun kafin a soya ta, a marmasa ta, a baza a faranti siriri, a busar a obin ko a busasshen kasko da wuta kaɗan ana juyawa har ta yi ƙamshi. Sai a daka a tankaɗe. Matsar hannu ba ta kai ta inji fitar da mai ba, don haka wannan garin zai ɗan fi na kanti maiƙo, amma bai kai ƙuli maiƙo ba.

Sai maganar awo. Garin ba shi da nauyi, shi ya sa kwatancen cokali da cokali yake yi masa kyau. In aka auna giram 100, garin ya haura kalori 400, markaɗaɗɗiya kuma kusan 600. Tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Wanda ke ɗibar cokali ya yi tozo sau huɗu ko biyar saboda "ai ba mai" ya cinye ribar tun a kwano. Shafaffen cokali biyu ya isa. A kuma duba bayan robar, domin wasu kamfanonin na ƙara sukari da gishiri, musamman a mai ɗanɗanon cakuleti.

Akwai kuma masu tsoron mai har su yanke hulɗa da gyaɗa gaba ɗaya. Man gyaɗa ba irin kitsen nama ba ne, kuma bitamin E na gyaɗar a cikinsa yake, yana tafiya tare da shi in an matse. Mai na riƙe ciki. Wanda ya sha garin da safe yunwa ta kama shi kafin azahar ya faɗa wa fanke, gara ya ci tafin hannu ɗaya na soyayyiyar gyaɗa.

Ajiya ma a kula, musamman da damina. Gari na jan danshi, gyaɗa kuma in ta yi hunhuna tana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai illa ga hanta, wadda suya ba ta kawar da ita duka. In daga Dawanau ko Kasuwar Rimi aka auno gyaɗar, a tsince yamutsattsu da masu baƙi-baƙi kafin a kai inji. A yi garin da zai ƙare cikin mako biyu ko uku, a zuba a kwalba mai murfi, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Wanda kuma gyaɗa ke tayar masa da borin jini ko kumburi, garin ma zai tayar masa, domin abin da jikinsa ke ƙi a cikin furotin ɗin yake, ba a man ba.